Alhudahuda da Hoopoe: Tarihin Sunan Tsuntsu Guda a Harsuna Biyu

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a azuzuwan koyar da harshe, watau wai kalmomin da ke kwaikwayon sauti ba su da tarihi. Masu wannan ra'ayi suna cewa kowace al'umma takan ji kukan dabba ko ƙarar wani abu da kunnenta, sa'an nan ta raɗa masa suna daga abin da ta ji, saboda haka babu wani asali da za a bi sawunsa. Maganar tana da daɗin ji, tana kuma da sauƙin koyarwa, amma sunan tsuntsu guda ɗaya ya isa ya nuna rauninta. Tsuntsun shi ne wanda Hausawa ke kira alhudahuda, Ingilishi kuwa suna rubuta sunansa hoopoe, suna furta shi kamar hupu. Sunayen nan biyu duka kwaikwayon kukansa ne, amma kuwa babu ɗaya daga cikinsu da masu harshen suka ɗauko kai tsaye daga bakin tsuntsun. Duka biyu aro ne, kowanne kuma da hanyar da ya biyo.

Wanda ya san ƙasar kudancin Kano bai bukatar a kwatanta masa alhudahuda. Girmansa bai wuce na kurciya ba. Jikinsa ja-ja ne kamar jar ƙasa, fikafikansa da wutsiyarsa baƙaƙe masu ratsin fari, bakinsa siriri ne, dogo, mai ɗan lanƙwasa. Abin da ya fi fito da shi shi ne tukkun da ke kansa, wanda yakan kwantar, in ya sauka ko ya razana kuma ya baza shi kamar mafici. A ƙasa yake kiwo, yana soka baki cikin turɓaya da gefen juji yana zaƙulo tsutsa da gyare. Ba ya saƙa sheƙa. Kogon itace yake nema, ko rami a jikin tsohon bango. Saboda haka gonakin Bebeji da Kiru, inda manoma suka bar ɗorawa da kuka da tsamiya tsaye a tsakiyar shuka, sun fi masa daɗi bisa kurmi mai duhu. In aka nausa kudu ta Tudun Wada zuwa Doguwa, inda dajin Falgore da duwatsun Riruwai suke, a bakin daji da saura da wuraren da makiyaya suka yi zango aka fi cin karo da shi. Masana tsuntsaye sun rarrabe iri biyu a arewacin Nijeriya: akwai ɗan gida, wanda William Swainson ya ba sunan ƙasar Senegal a 1837, akwai kuma baƙo mai ƙetaro Sahara daga Turai ya yi rani a nan, ya koma. Namiji ne ke yin kukan da aka san tsuntsun da shi, a lokacin neman aure, da murya mai taushi mai kai wa nesa, sau biyu ko uku a jere, galibi uku, yana sunkuyar da kai yana kumbura wuya.

Wannan kuka ne mutanen dā suka yi ƙoƙarin kamawa da harafi. Yunanawa suka ce epops. A cikin wasan kwaikwayon Aristofanis mai sunan Tsuntsaye, wanda aka fara nunawa a birnin Atina a shekara ta 414 kafin haihuwar Annabi Isa, alhudahuda ne ke kiran sauran tsuntsaye taro. Rumawa suka ce upupa. Har ma wani malaminsu na nahawu, Varro, wanda ya rasu a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lissafa upupa cikin tsuntsayen da suka sami suna daga muryarsu, a littafinsa na harshen Latin. Ashe tun fiye da shekara dubu biyu aka lura da abin da ake koya wa ɗalibai yau kamar sabon ilmi. Larabawa kuma suka ce hudhud. Mai karatu zai lura cewa wasalin u, ko makwabcinsa o, da maimaita gaɓa suna cikin dukan sunayen nan, amma baƙaƙen sun saɓa: wani ya ji p, wani ya ji d. Tsuntsu ba shi da leɓe, ba ya kuma kai harshe ga hanƙa, saboda haka baƙin da kowane harshe ya sa nasa ne, ba na tsuntsu ba.

To, sai kalmar Latin ta shiga hannun zamani. Harshen Faransanci daga Latin ya tsiro, kuma halinsa ne ya cinye ƙarshen kalmomi. Upupa ta ƙanƙance ta zama huppe, gaɓa guda a furuci, maimaicin nan da ya sa ta yi kama da kuka ya ɓace. Da kalma ta rabu da sautin da ya haife ta, sai ma'anarta ta sami damar yawo. Faransawa suka riƙa kiran tukkun kowane tsuntsu huppe, har suka ƙago sifa daga gare ta wadda suke yi wa mai kuɗi ɗan ƙwalisa. Akwai kuma reshe na biyu mai ban dariya. A ƙasar Faransa an ɗauki alhudahuda wawan tsuntsu ne, kuma masu binciken asalin kalmomi da yawa suna ganin daga sunansa ne ɓarayi da 'yan caca na ƙarni na 15 suka sami kalmar dupe, watau wanda aka yi wa wayo aka cuce shi. Ingilishi ya ari wannan ma wajen 1680, yana kuma amfani da ita har yau, ba tare da masu faɗinta sun san akwai tsuntsu a ciki ba.

Ingilishi ya fara aron sunan tsuntsun daga Faransanci a ƙarshen ƙarni na 15, aka riƙa rubuta shi huppe ko hoop. Dalilin aron a fili yake. Alhudahuda ba mazaunin Ingila ba ne. 'Yan kaɗan ne ke ratsawa ta kudancin ƙasar da bazararsu, da wuya kuma su yi ƙwai a can. Yawancin mutanen Ingila a littafi suka san shi, shi ya sa suka daɗe suna rikita shi da wani tsuntsun fadama mai tukku da suke kira lapwing, dangin zakaran ƙeƙuwa. Rikicin ya shiga har cikin fassarar Attaura. A cikin jerin tsuntsayen da aka hana Bani Isra'ila ci akwai wanda Ibrananci ke kira dukifat. Masu fassarar zamanin Sarki James, ta 1611, suka sa lapwing. Sai a gyararriyar fassara ta 1885 aka mayar da shi hoopoe. Ita wannan siffa mai gaɓa biyu ta bayyana a rubuce ne wajen 1660 da 'yan kai, a lokacin da malaman Ingila masu nazarin halitta suke rubutu da Latin suna kuma sauraron tsuntsaye da kunnensu. Abin da ya faru shi ne gyara: an ɗauki tsohuwar kalma wadda ta lalace a bakin Faransawa, aka mayar mata da gaɓar da ta yar, don ta koma kusa da upupa da kuma kukan tsuntsun. Irin wannan ya taɓa faruwa ga Ingilishi tun da fari, sa'ad da ya bar tsohon sunansa na gado na wani tsuntsu, geac, wanda ya daina kama da kuka, ya karɓi cuckoo daga Faransanci a ƙarni na 13.

Bayan wannan, kalmar ba ta yi wani yawo ba a Ingilishi. Ta tsaya sunan tsuntsu kurum, ba ta haifi aikatau ba, ba ta shiga karin magana ba. A 1758 Linnaeus, mutumin Suwidin, ya haɗa sunan Rumawa da na Yunanawa ya yi masa sunan ilmi, Upupa epops, wanda ya zama kwaikwayon kuka biyu a jere.

Sha'anin Hausa ya fi wannan wuyar warwarewa, gama Bahaushe ba shi da uzurin da Bature yake da shi. Tsuntsun yana bayan gidansa. Harshensa kuma ba matalauci ba ne wajen kwaikwayon sauti: duk mai kunne zai ji kukan a ƙarshen hankaka da agwagwa, ya ji shi a farkon carki, ya ji ƙarfe yana kaɗawa cikin ƙararrawa, ya ji hannu a jikin ƙyaure cikin ƙwanƙwasa. Duk da haka sunan da ya game ƙasar Hausa, wanda yaro ke ji a makaranta, mai wa'azi kuma ke faɗi a kan buzu, na Larabci ne, da al ɗinsa a goshi kamar alƙali da albasa da alkama. Tambayar ita ce ta wace hanya ya shigo.

A 1947 Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya kasa kalmomin Larabci da ke cikin Hausa kashi biyu. Kashi na fari tsofaffi ne, waɗanda ya ce sun shigo ta baki daga Larabcin fatake, galibi da harafin ta'arifi manne da su. Kashi na biyu na baya ne, waɗanda malamai suka ɗebo daga littattafai. Mervyn Hiskett ya yi masa gardama a 1965, yana ganin rabon littattafai ya fi yadda Greenberg ya ƙiyasta. In aka bi ma'aunin harafin ta'arifi kaɗai, alhudahuda zai faɗa kashin fatake. Kuma lalle ƙasar da ake magana a kanta ta san fatake. Bebeji zango ne babba a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Clapperton ya bi ta cikinsa a 1826, a can kuma aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877 cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Amma fa falke yakan kawo sunan abin da ya ɗauko a kan jaki ko raƙumi ne, ko abin da ake ciniki da shi. Albasa da alkama da alkyabba da almakashi duk suna da kasuwa. Alhudahuda ba a cinsa, ba a sa shi a keji. Babu abin da zai sa sunansa ya shiga bakin dillali.

Siffar kalmar kanta tana nuna wata hanya dabam. In sunan Larabci na namiji ya ƙare da baƙi, al'adar Hausa ita ce ta rufe shi da wasalin i: haka aka sami alƙalami da littafi da malami da hukunci. Wani lokaci takan sa u, kamar a aljihu. Wasalin a kuwa galibi na kalmomin da suka ƙare da ta'in mace ne, irin su sadaka da al'umma da albarka. Hudhud namiji ne, da baƙi ya ƙare. Da ya bi hanyar 'yan'uwansa, da alhuduhudi za a ce, ko alhuduhudu, kuma lalle akan ji wannan ta biyun a bakin waɗansu. To, ina aka sami a ɗin alhudahuda?

Sunan tsuntsun ya zo sau ɗaya tak a cikin Alƙur'ani mai girma, a aya ta 20 ta Suratun Namli, inda Annabi Sulaimanu ya binciki rundunar tsuntsaye bai gan shi ba. A wannan wuri kalmar karɓau ce, saboda haka mansubiya ce, da fataha a kan dalin ƙarshe, da kuma harafin ta'arifi a farkonta. Ba a kan gaɓar tsayawa take ba, domin ayar ta ci gaba, saboda haka mai karatu dole ya furta fatahar. Abin da kunnen almajiri ke ji, abin da hannunsa ke rubutawa a allo, shi ne alhudhuda. Ayar tana cikin izu na 38 in an ƙirgo daga Baƙara. Ga yaron da ya faro daga ƙasa, kamar yadda ake yi a makarantun allo, sai ya haye izu 22 kafin ya iso ta, watau ya riga ya zama wanda ake jin maganarsa a tsangaya. Saura aiki ɗaya ya rage wa harshen Hausa. Dali da ha ba su zama gab da juna a tsakiyar kalmar Hausa, sai an raba su da wasali. Aka raba su da a, wanda ya yi daidai da na ƙarshe, kalmar ta zama huda sau biyu, ta shiga sahun kalmomin Hausa masu cikakken maimaici. Mai gardama zai iya cewa sunaye masu ƙarewa da a sun cika Hausa, ba sai an je neman dalili a nahawun Larabci ba. Amsa ita ce yawancin waɗannan sunaye mata ne, shi kuwa alhudahuda ya riƙe jinsinsa na namiji, abin da ke nuna ba a ɗin mace aka liƙa masa ba. Hujjar ba yankakkiya ba ce kamar lissafi, amma ta fi ta fatake nauyi nesa ba kusa ba, kuma tana goyon bayan Hiskett a kan wannan kalma guda: harafin ta'arifi ba kullum yake nuna hanyar kasuwa ba.

In haka ne, sunan ba zai girmi karatun Alƙur'ani a ƙasar Kano ba. Littafin Tarihin Kano ya sa zuwan Wangarawa da addini a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, ya kuma ambaci ƙarin littattafai a zamanin Yakubu, 1452 zuwa 1463, kafin Muhammadu Rumfa. Kalmar kuwa ba ita kaɗai ta zo ba, ta zo da labarinta. Surar ta ba da labarin yadda tsuntsun ya komo daga Saba da bayanin wata sarauniya da mutanenta masu sujada ga rana, da yadda aka aike shi da takarda. Tafsirin Jalalaini, wanda aka fi karantawa a masallatan ƙasar Hausa da azumi, ya ƙara da cewa alhudahuda yana hangen ruwa a ƙarƙashin ƙasa, yana nuna wurin da bakinsa. Wannan sashe na tafsirin aikin Jalaluddin Mahalli ne, wanda ya rasu a 1459, shi ne ya yi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, Suyuɗi ya cika sauran. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas, mai hana kashe halittu huɗu, alhudahuda na cikinsu tare da tururuwa da ƙudan zuma. Duk wanda ya ga tsuntsun yana tafe yana caccakar ƙasa, da tukku kamar naɗin rawani, yana sunkuyar da kai in zai yi kuka, ba zai yi mamakin da Hausawa suka ce masa malamin tsuntsaye ba. A ƙasar Farisa ma, Fariduddin Attar ya sa shi jagoran tsuntsaye a cikin Manɗiƙuɗ Ɗairi a ƙarni na 12.

Ga tsuntsu ɗaya, a Faransa wawa, a Kano malami. Turawa sun kuma yi masa shaidar ƙazanta, Jamusawa har suna misali da warinsa. Wannan shaida tana da tushe: macen da ke kwanci da 'ya'yanta suna fitar da wani maiƙo mai ɗoyi daga gindin wutsiya, wanda ke korar maƙiyi daga kogon. Kogon kukar Kiru ba ya fi na itacen Jamus ƙanshi, amma a nan darajar da littafi ya ba tsuntsun ta rinjayi abin da hanci ya ji. Har wata tsohuwar makarantar sakandare a birnin Zariya ake kira Kwalejin Alhudahuda, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba a ƙasar da sunan ke nufin wanda aka damfara.

Ingilishi ya iso wannan ƙasa da bindiga. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa. Tun daga nan kalmomin Ingilishi suka yi ta kwarara cikin Hausa, amma hoopoe ba ta sami ko masaukin dare ɗaya ba. Tana nan cikin manyan littattafai irin na David Bannerman a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, mai juzu'i 8, wanda ya fito tsakanin 1930 da 1951, tana kuma bakin masu zuwa kallon tsuntsaye a Falgore da gefen madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. Gurbin da za ta shiga a cike yake da kalma mai alfarma. A gwada ta da kanari. Shi ma tsuntsun gida ne, amma ana kama shi, ana sa shi a keji, ana sayarwa, saboda haka sunan Turawa ya bi kasuwa ya zauna daram, alhali kuwa asalinsa sunan waɗansu tsibirai ne a tekun Atlantika, ba shi da haɗi da kuka ko kaɗan.

Malamin da ke koyar da waɗannan abubuwa a kwalejin horon malamai yana fuskantar tarko iri biyu. Na fari, ɗalibi zai ga hudhud da hoopoe sun yi kama, ya ce Turawa daga Larabawa suka ara, ko kuwa harsunan dangi ne. Ba haka ba ne. Silsilar hoopoe a rubuce take daki-daki har zuwa Latin, kuma upupa tana cikin littattafan Rumawa ƙarnuka kafin Larabci ya taka Turai. Kamar da ke tsakaninsu ta tsuntsun ce, shi ya sa masu kwatanta harsuna don gano dangantaka suke ware irin waɗannan kalmomi gefe, ba su kafa hujja da su. Maganin wannan ruɗu shi ne a sa ɗalibai su tattaro sunayen tsuntsaye daga bakin tsofaffi, musamman a ƙauyukan Maguzawa na Kiru da Tudun Wada da kuma wajen Kurama na ƙasar Doguwa, su jera su, su ware wanda kunne ya haifa da wanda allo ya kawo.

Tarko na biyu kishiyar na fari ne, watau a ɗauki kalmar aro a ce kwaikwayo ce don kawai ta yi daɗin kunne. A tambayi duk wani yaro a Kwanar Ɗangora dalilin da ya sa ake ce wa babur babur, zai ce ai ƙararsa ce, har ya kwaikwaya da leɓɓansa. Amma Larabcin Masar da na Sudan suna da babur ko wabur, suna nufin jirgin ruwa mai tururi, da kan jirgin ƙasa, da injin ban ruwa, da risho, kuma su ma sun aro ta ne daga kalmar tururi ta Italiyanci ko Faransanci, vapore ko vapeur. Alhazan ƙasar Hausa da suka riƙa bin hanyar Sudan da ƙafa, waɗansunsu suna tsayawa aikin auduga a Jazira shekara da shekaru kafin su ƙarasa Makka, sun san wannan kalma sarai. Mai yiwuwa ƙwarai ƙarar injin ce ta taimaka mata ta zauna a bakin Hausawa, ta kuma tsaya a kan abin hawa mai ƙafa biyu, amma tururi ne asalinta.